Yaron Agege da Yarbanci a Bakinsa

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka.

Ku leƙa unguwar Agege ta Legas da yamma, lokacin da ake taso yara daga Islamiyya. Za ka ga yaro ɗan shekara bakwai, ubansa Bakatsine, uwarsa Bazazzagiya, ya tsaya gaban mai ƙosai yana ciniki da Yarbanci tas, har da ɗan rusunawar da ake yi wa manya a nan. Yana juyawa wajen abokinsa sai ya saki Turancin buroka. Uban kuwa, shekararsa ashirin a Legas, in ban da gaisuwa da tambayar kuɗin kaya bai iya komai ba. Babu wanda zai ce yaron nan gadon Yarbanci ya yi. Unguwa ce ta ba shi.

To amma ranar da ya fara ɗauke-ɗauke, ko ya shiga cikin 'yan tasha, sai ka ji an ce, "Ai jininsu ne, haka kawunsa yake." A kawo hali zanen dutse a rufe maganar, kowa ya kakkaɓe rigarsa.

Ba wai gado ƙarya ba ne. Sikila ta ishe mu shaida: in mai jinin AS (mai ɗauke da ƙwayar gadon cutar) ya auri mai jinin AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar, kuma babu tarbiyyar da za ta canza wannan. Ko a ɗabi'a ma jini yana magana. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fara bin diddigin tagwayen ƙwai ɗaya da aka raba tun suna ƙanana, ya tarar suna kama da juna sosai a basira da hali, duk da gidaje daban-daban suka tashi. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai ku tuna Zamfara a 2010. Gubar dalma daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara, wasu da suka tsira ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. In irin wannan yaron ya kasa karatu, a ce daƙiƙanci ya gada? Wajen wa?

Hadisi ma ya ce ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, iyayensa ne ke juya shi.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Magidanci ya bar gida kafin asuba don ya tari motar tumatir a kasuwar Mile 12, cunkoso ya riƙe shi a hanya, bai shigo ba sai bayan isha'i, yara sun yi barci. Neman halal ya je, Allah Ya ba da sa'a, ban ga laifinsa ba. Amma tsakanin asubar nan da isha'in, yaron yana wajen wani yana ɗaukar karatu, kamar yadda ya ɗauki Yarbanci. Alhaji, ka san sunan malamin?