Tonar Ganye Ta Indiya: Me Ke Cikin Kwalbar, Kuma Wace Fata Ce Za Ta Karɓe Ta?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Wannan kwalbar da kuke gani a allo tona ce, wato ruwan da ake shafawa a fuska bayan an wanke ta, kafin a sa mai. A Indiya aka yi ta, an kuma rubuta a jikinta cewa ta ganye ce, an haɗa ta ne domin fatar mutanen can. Kafin mu juya bayan kwalbar, bari mu fara da fatar kanta.

A shekarar 1975 wani likitan fata a Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fito da ma'aunin da ake raba fatar ɗan Adam da shi gwargwadon yadda take yi idan rana ta doke ta, kuma a yau rukuni shida ne. Akasarin Indiyawa suna rukuni na huɗu da na biyar. Irin wannan fata tana da yawan melanin, sinadarin da ke ba ta launi, don haka rana ba ta saurin ƙona ta. Amma tana da wani hali da ya kamata kowa ya riƙe: duk abin da ya fusata ta, ko ƙurji, ko ƙaiƙayi, ko ƙuna, idan ya warke sai ya bar baƙin tabo, kuma tabon kan yi watanni bai gushe ba. Mu Hausawa yawancinmu muna rukuni na biyar da na shida, saboda haka wannan magana ta fi shafarmu. Tonar da ta sa fuska raɗaɗi, ko da da ganyen Aljanna aka yi ta, tabo take sayo muku.

To me tona ke yi? Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami-tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, tana tsakanin 4.5 da 5.5. Sabulun wanka na gama-gari yana kaiwa 9 zuwa 10, ga kuma ruwan rijiyar burtsatse mai gartsi da ake fama da shi a birane irin su Delhi da Chennai. Tona mai kyau tana taimaka wa fata ta koma daidai, ta kuma ba ta laima. Ba ta rufe ƙofofin gashi kamar yadda ake talla, domin ƙofofin nan ba su da tsokar buɗewa da rufewa.

Yanzu mu juya kwalbar. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai kan waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Don haka sunaye biyar na farko su ne ainihin abin da kuka saya. Idan hoton ganye ya cika gaban kwalba, amma sunansa na can ƙarshe bayan turare, kun san ɗigo kawai aka sa.

Uwar tonar Indiya ita ce ruwan wardi, wanda suke kira gulab jal. A garin Kannauj na jihar Uttar Pradesh har yau ana yin sa ta tsohuwar hanya: a zuba furen wardi da ruwa a tukunyar tagulla, a liƙe murfin da yumɓu, a hura wuta a ƙasa, tururin ya bi ta bututun gora ya sauka a wata tukunyar da ke zaune cikin ruwan sanyi. Abin da ya taru shi ne ruwan wardi na gaskiya. Fari ne tas kamar ruwan sha, ƙanshinsa sanyi-sanyi, kuma ba ya daɗewa a fata. Idan kuka ga ruwa ja-ja mai ƙanshin da ke cika ɗaki, wannan ruwa ne da launi da turare. Ku duba, a bayan na gaskiya za ku ga an rubuta Rosa damascena flower water a kan gaba. Amma ko na gaskiyar yana ɗauke da geraniol da citronellol, sinadaran ƙanshi da wasu fatun ba sa jurewa. Ƙalilan ne, amma akwai su.

Sai darbejiya, wadda wasu ke ce wa dogon yaro, Indiyawa kuma nim. Daga yankin Indiya aka kawo bishiyar nan da ta cika titunan Maiduguri da Katsina da Maraɗi. Ganyenta yana yaƙar ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake sa shi a tonar masu maiƙon fuska da ƙuraje. Sai dai yana busar da fata, kuma mai gautsin fata idan ya dage da shi safe da yamma, gefen hancinsa zai fara saɓa. Haka ma tulsi, ɗan'uwan ɗoɗɗoya: yana da eugenol, sinadarin nan da ke cikin kanumfari, wanda kan sa fata zafi idan ya yi yawa.

Masu sanyaya fata su ne alobera, kokwamba, da ruwan saiwar khus, dangin jema, da Indiyawa ke ji da shi lokacin bazara. Waɗannan kusan kowace fata tana karɓarsu. Saiwar mulethi kuwa, wata saiwa mai zaƙi da Turawa ke kira licorice, ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana da glabridin, wanda ke rage aikin sinadarin da ke ƙera melanin. Tana taimakawa wajen dusashe tabo, amma a hankali, sai an yi makonni takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga bambanci. Kurkum yana kwantar da kumburi, sai dai yana rina fata da auduga rawaya. Sandal kuma ku yi hattara da shi: na gaskiya, irin na Mysore, yana da tsada ƙwarai, don haka a tona mai araha ƙanshinsa kawai kuke saya.

Ga waɗanda ke ɓata fuska. Na farko alkohol. Idan kuka ga alcohol denat ko ethanol cikin sunaye biyar na farko, wannan tonar za ta ba ku sanyi da tsantsan fuska na minti goma, sannan ta kwashe maiƙon da ke kare fata. Witch hazel, wanda tsiron Amurka ne ba na Indiya ba, irin wanda aka fi sayarwa yana zuwa da alkohol wajen kashi 14 cikin 100, sai dai idan an rubuta babu. Na biyu lemon tsami. Tsaminsa yana wajen 2 a ma'aunin pH, kuma akwai sinadari a cikinsa da idan ya haɗu da hasken rana yake ƙona fata, ya bar baƙin shati daidai inda ruwan ya gangara. Na uku alif, wanda Indiyawa ke kira fitkari, masu aski na can suna goga shi bayan aski. Yana tsuke fata na ɗan lokaci, amma shafa shi kullum bushewa yake jawowa.

Wace ta dace da wa? Mai maiƙon fuska da ke zaune a wuri mai gumi, kamar Mumbai ko Kolkata lokacin damina, ya nemi ta ruwan wardi ko khus mai ɗan darbejiya ko koren shayi, marar mai. Idan ƙuraje sun yi yawa, wadda aka ƙara wa salicylic acid kashi 0.5 zuwa 2 cikin 100 ta fi ganye zalla aiki, a fara da sau uku a mako. Mai busasshiyar fata, musamman a sanyin Delhi da ke kama da hunturunmu, gilisarin yake buƙata, kashi 2 zuwa 5, tare da alobera, ya kuma bar darbejiya. Mai maiƙo a goshi da hanci amma kumatu a bushe, ya sa mai ƙarfin a inda maiƙon yake kawai. Wanda fatarsa ba ta jure abu, ko mai kyasbi, ya zaɓi wadda kayan haɗinta ba su da yawa, babu turare, babu man ƙanshi na tsirrai.

Kada ku kai sabuwar tona fuska kai tsaye. Ku shafa ta a lanƙwasar gwiwar hannu, faɗin kwabo, sau biyu a rana har kwana bakwai zuwa goma, domin wani ƙaiƙayin ba ya fitowa sai bayan kwana biyu ko uku. Idan lafiya lau, a wanke fuska, a zuba ɗigo biyar zuwa shida a tafin hannu, a daddanna a hankali. Dirza da auduga shi kansa yana fusata fata. A sa mai tun fuskar na da danshi, da safe kuma a bi da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, in ba haka ba tabon da mulethi ke dusarwa rana za ta sake rina shi.

Mai son haɗawa a gida, ya sami ruwan wardi na gaskiya mililita 100, ya zuba rabin ƙaramin cokali na gilisarin, ya girgiza a kwalbar da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. Ya wuce haka, fuska za ta yi danƙo. Wannan haɗi ba shi da sinadarin hana lalacewa, saboda haka firji ne wurinsa, kuma kada ya wuce mako guda. Ruwan dafaffen ganyen darbejiya kuwa kwana uku ne iyakarsa. Da zarar ya yi gurɓi, ko ƙanshinsa ya sauya, a zubar.

Akwai fatar da tona ba ta isa ta gyara ba. A Indiya, kamar a nan, mutane da yawa sun daɗe suna shafa mayukan bilicin masu ɗauke da clobetasol ko betamethasone. Fatarsu ta yi siriri, jijiyoyi sun fito, ko ruwan wardi aka sa sai ta ɗauki zafi. Mai irin wannan fuska ya ajiye kowace tona, ya je wurin likitan fata, domin janye man ma sai an bi shi daki-daki.