Sharhi: tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa filayen nan masu gajeriyar ciyawa na Kazakistan da Mongoliya, inda sai ka yi tafiyar wuni cur baka ga bishiya ko ɗaya ba, baƙo ya duba yace ai nan ba komai, fili ne kawai. To wannan "ba komai" ɗin shi ke cin tsuntsayen wurin.

Tunda ba bishiya, a ƙasa suke sheƙa. Ɗan rami uwa za ta tona ta zuba ƙwai masu kalar ƙasa ta lafe a kai, garma na zuwa shikenan. Daga 1954 da Tarayyar Sobiyet ta saka taraktoci suka nome miliyoyin hekta a arewacin Kazakistan don alkama, su tuji suka rasa gida.

Akwai wani ɗan uwan zakaran ƙeƙuwa da ke ƙyanƙyasa a can, ya yi ƙaura har Sudan da Indiya, a 2004 aka saka shi cikin jerin masu dab da ƙarewa. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa, kusa da ƙauye yake son yin ƙwai, inda tumaki da shanu suka cinye ciyawa ta dawo gajera, wani lokacin ma kan busasshen kashin dabbobin. In aka kori garke ciyawa ta yi tsawo ya bar wurin, in garken ya yi yawa kuma su tattake ƙwan. Shi ya sa nake ganin duk mai tsarin kariyar da bai zauna da makiyaya ba wallahi wahalar banza yake.

Sai falwaya. Shahon Mongoliya ba shi da reshen da zai sauka, sai ya hau turken lantarki yana haƙon ɓera, yana buɗe fiffike ya taɓa waya, ka tarar da gawarsa a gindin turken. Maganin ba wani abu ba ne mai wuya, a rufe wayar da roba a daidai kan turken. A 2010 an kafa masu sheƙoƙin hannu 5,000 da tallafin Abu Dabi, sun kuma karɓa suna ƙyanƙyasa a ciki, amma ɗan shahon da ya fara koyon tashi yana fita, turken da ba a rufe ba shi zai fara gani.