Gwamnati ta ware kuɗin koyar da kiɗa, to me ya sa iyaye suke biya?

Duk lokacin da wata gwamnati ta sanar da cewa ta ware miliyoyi domin koyar da kiɗa a makarantu, tambaya guda ce take cika shafukan sada zumunta: idan har kuɗin sun fito, don me makaranta ta aiko wa iyaye takardar biyan kuɗin darasin jita? Wasu sukan yanke hukunci nan take cewa an yi sama da faɗi da kuɗin, wasu kuma su ce sanarwar ta fatar baki ce kawai. Sau da yawa duka biyun ba su dace da gaskiyar lamarin ba, kuma tsarin Ingila ne ya fi fito da dalilin fili, shi ya sa da shi za mu yi bayani.

A shekarar 2011 gwamnati ta fitar da tsarin ƙasa na farko kan ilimin kiɗa a Ingila, a 2012 aka kafa cibiyoyin kiɗa na yankuna waɗanda suke tura malamai da kayan kiɗa zuwa makarantu. A watan Yunin 2022 aka sabunta tsarin, aka ce cibiyoyin za su riƙa samun fam miliyan 79 a shekara, aka ƙara fam miliyan 25 na sayen kayan kiɗa, sannan aka buƙaci makarantu su ba kiɗa aƙalla awa ɗaya a mako ga yara daga shekara 5 zuwa 14. Waɗannan su ne alƙaluman da kuke gani a kanun labarai, kuma babu ƙarya a cikinsu.

Inda ake samun ruɗani shi ne, abin da ake kira darasin kiɗa ba abu ɗaya ba ne. Ajin farko, inda yara suke rera waƙa tare suna tafi, suna koyon yadda ake karanta alamomin sauti, yana cikin manhaja, kuma makarantar gwamnati ba ta da izinin karɓar ko sisi a kansa. Haka ma aji na biyu, inda aka raba wa kowane yaro sarewa ko ƙaramar jita, malami ɗaya yana koyar da su gaba ɗaya, shi ma kyauta ne. Ana yin sa ne domin kowane yaro ya taɓa riƙe abin kiɗa a hannunsa, kuma yakan ɗauki zango ɗaya zuwa shekara guda. Duk mahaifin da ya taɓa zama a gida a makon da aka ba ɗansa sarewa ya san cewa wannan mataki yana buƙatar haƙuri fiye da kuɗi.

To, ranar da wannan shiri ya ƙare, a nan maganar take. Ana karɓe kayan, a kai wa 'yan ajin da ke biye, yarinyar da hannunta ya fara faɗawa kuma tana son ci gaba sai ta koma darasi na ita kaɗai ko na ƙaramin rukuni. Wannan darasi na uku shi ne dokar Ingila ta yarda makaranta ta caji iyaye a kansa, matuƙar su ne suka nema, in ban da yaran da suke ƙarƙashin kulawar hukuma. Takardar biyan kuɗin da ake ta yaɗa hotonta ta wannan matakin ce, kuma a wannan matakin ne ainihin iya kiɗa yake samuwa, domin babu wanda yake ƙwarewa a goge ko fiyano cikin zango ɗaya a tsakiyar yara talatin. Sai an samu malamin da zai saurari yaron shi kaɗai, ya gyara masa riƙon yatsu da zaman kafaɗa, mako bayan mako, shekara da shekaru. Sai kuma abin kiɗan ya bi shi gida domin ya yi atisaye, ga kuɗin tsirkiya idan ta tsinke, ga kuɗin jarrabawa, ga na motar zuwa wurin da ƙungiyar makaɗa take haɗuwa ranar Asabar.

Mu yi ɗan lissafi a kan allo. Yaran da suke makarantun gwamnati a Ingila sun haura miliyan 8, idan aka raba musu fam miliyan 79, abin da zai faɗo wa kowane yaro bai kai fam 10 a shekara ba, wato bai isa kuɗin darasin awa guda a wurin ƙwararren malami ba. Gaskiya ne cibiyoyin suna rage wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi kuɗin, wasu ma su yafe musu, amma sai mahaifi ya san da ragin, ya nema, ya cika takardu, kuma yadda ake bayarwa ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Wanda iyayensa suke da hali sai ya zarce, wanda ba su da shi sai ya tsaya da abin da ya ɗanɗana, alhali a cikin rahoto duka biyun an ƙidaya su a matsayin waɗanda shirin ya isa gare su.

A ganina, akwai dalilin da ya sa ake son sanarwar sayen kayan kiɗa fiye da ta ɗaukar malamai. Kakaki yana ƙyalli a hoto, sau ɗaya ake sayensa, ba ya karɓar albashi kuma ba ya jiran fansho. Sai dai idan babu mai koyarwa, a cikin akwatinsa zai ƙare a ɗakin ajiya.

Ƙasar Burazil ta ga irin wannan. A 2008 ta yi dokar da ta wajabta koyar da kiɗa a makarantu, ta ba su shekara uku su shirya, amma shugaban ƙasa ya ƙi amincewa da sashen da ya ce sai wanda ya karanci fannin ne zai koyar, kuma ƙarancin malamai ya ci gaba da zama cikas. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi wata hanya: a watan Nuwamban 2022 masu zaɓe suka amince da ware kusan dala biliyan ɗaya a shekara ga kiɗa da sauran fasahohi a makarantu, tare da sharaɗin cewa a manyan gundumomi aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin ya tafi wajen ɗaukar masu koyarwa.

Sikotland kuwa, wadda yanki ce ta Birtaniya kamar Ingila, kai tsaye ta tunkari matakin da muke magana a kai. Kafin 2021 kowace ƙaramar hukuma ce take yanke abin da iyaye za su biya, wasu ba sa karɓar komai, wasu suna karɓar ɗaruruwan fam a shekara, har ya zama inda gidanku yake shi ne yake yanke ko za ka koyi goge. A 2021 gwamnatin yankin ta soke cajin gaba ɗaya, ta riƙa ba ƙananan hukumomin kuɗi a madadinsa. Yawan yaran da suke neman darasi ya ƙaru, sai dai malami ɗaya ba zai iya sauraron fiye da adadin da ranarsa za ta ɗauka ba, saboda haka a wasu yankuna takardar biyan kuɗi ta ɓace, jerin sunayen masu jiran gurbi ya maye wurinta.