Yadda ake saita manhajar madubin ilektoron don ta samu rami, ta kuma samu fokas

Assalamu alaikum. Na ga yawancinku kun taɓa zama gaban madubin ilektoron, wato na'urar da ke zuƙo ƙananan abubuwa da ilektoron maimakon hasken da muka sani, don haka ba zan tsaya dogon bayani a kansa ba. Maganarmu ta yau a kan abin da ke faruwa ne bayan an danna maɓallin farawa, an tashi, an bar na'ura ta kwana tana ɗaukar hotuna ita kaɗai.

Mu fara da girman abin da muke nema. 'Yar ragar da ake ɗora samfur a kai faɗinta milimita 3 ne. A kanta akwai fatar kabon mai ramuka. A irin Quantifoil R1.2/1.3, faɗin kowane rami maikromita 1.2 (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tazarar da ke tsakanin bakin rami da na kusa da shi kuma 1.3. A cikin ramin akwai siririyar ƙanƙara wadda furotin ɗinmu ya daskare a ciki, dabarar da Jacques Dubochet da abokan aikinsa suka fito da ita a farkon shekarun 1980, har ya raba kyautar Nobel ta 2017 da Joachim Frank da Richard Henderson. To ku yi lissafi da ni. Idan fiksel ɗaya yana daidai da angistirom 1 (angistirom dubu goma ne ke yin maikromita ɗaya), kyamara kuma tana da fiksel wajen 4000 a kowane gefe, filin da hoto ɗaya zai ɗauka bai wuce maikromita 0.4 ba. Sulusin rami ke nan. Kuma ba a ba ku damar leƙawa kafin ku harba ba, domin ilektoron yana ƙona samfur. Abin da aka saba zubawa gaba ɗaya tsakanin ilektoron 40 ne zuwa 60 a kowane murabba'in angistirom, daga nan wurin ya tashi daga aiki.

Wannan ne ya haifar da manhajojin da muke amfani da su: Leginon na Bridget Carragher da Clint Potter, SerialEM na David Mastronarde a Jami'ar Colorado da ke Boulder, da EPU na kamfanin Thermo Fisher. Sunayen maɓallansu daban-daban ne, amma tunanin da ke ƙarƙashi ɗaya ne. Manhaja ba ta ganin wurin da za ta harba a matakin zuƙowar da za ta harba. Tana gani ne daga nesa, da ɗan haske kaɗan, sannan ta yi lissafi ta ce wurin yana nan. Kamar mutumin da aka nuna wa ɗaki, aka ɗaure masa idanu, aka ce ya ƙirga taku ya je ƙofa. In an gaya masa tsawon takunsa ba daidai ba, bango zai ci, kuma ba zai san dalili ba.

Abu na farko, kuma kullum shi ne na farko, tsayin samfur. Dandamalin da ke riƙe da raga yana karkata ne a kan wani layi, kuma ana so wurin da kuke kallo ya zauna daidai a kan layin nan. Yadda manhaja ke gano wannan mai sauƙi ne: ta karkata dandamali dama, ta ɗauki hoto, ta karkata hagu, ta sake ɗauka, ta auna yadda hoton ya gusa. Idan samfur ya ɗara tsayin da ya kamata da maikromita 10, aka karkata shi da digiri 10, zai gusa gefe da kusan maikromita 1.7. Ya wuce rami guda ke nan. Wani zai ce, ai ni ba na karkata samfurina. Duk da haka ya shafe ka, domin duk sauran awon da aka yi wa na'urar, girman fiksel da juyawar hoto da ƙarfin lensi, a wannan tsayin aka yi su. Kuma raga ba ta taɓa zama shimfiɗaɗɗiya sumul ba, tana lanƙwasa, saboda haka a kowane murabba'in raga sai an sake aunawa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Kowane matakin zuƙowa yana da nasa tsakiyar. Lensin madubin ilektoron naɗin waya ne da ke haifar da maganaɗisu, kuma ilektoron yana murɗawa idan ya ratsa shi. Da kun canza ƙarfin lensi, hoto yakan juya, yakan kuma gusa. Abin da ke tsakiyar allo a matakin nema, wato ƙaramin zuƙowar da ake neman ramuka da ita, ba lallai ya kasance a tsakiya a matakin ɗaukar hoto ba. Ƙari a kan haka, a matakin nema mukan kauce wa fokas da gangan, da maikromita hamsin ko ɗari, don ramuka su fito sarai duk da ƙarancin haske. Wannan kaucewar ita ma tana sauya girman hoto da juyawarsa, tana tura shi gefe.

Maganin ba wuya, sai dai ana yawan yi masa gaggawa. Ku nemi wani abu da ba za ku ruɗa shi da wani ba, ɗan ƙurar ƙanƙara ko yagaggen kabon, a murabba'in da ba ku damu da shi ba. Kada ku yi amfani da rami, duk ramuka kamarsu ɗaya, kuna iya saita na maƙwabci ku zaci shi ne. Ku kawo abin tsakiya a matakin ɗaukar hoto. Daga nan ku sauka mataki-mataki zuwa na nema, a kowane mataki ku gyara da turin hoto na lantarki, wato gusar da hoton ta hanyar lanƙwasa hasken ilektoron, kada ku taɓa dandamali. Alkibla tana da muhimmanci: daga sama ake saukowa, domin babban mataki shi ne alƙali. In kun gama, ku koma sama ku duba ko abin yana nan. Ku yi zagayen sau biyu ko uku, saboda ƙarfen lensi yana riƙe ragowar maganaɗisun da ya gabata, wutar da kuka ba shi yanzu ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, har da inda ya fito. Shi ya sa manhajojin ke da umarnin kewaya lensi ta hanya ɗaya kafin kowane awo. Kuma in kun canza kaucewar fokas ta matakin nema bayan kun gama wannan aiki, kun rusa shi, sai a sake.

Dandamali kuwa inji ne mai giya, yana da sako-sako. In ya zo daga dama ya tsaya a wani wuri, in ya zo daga hagu ya tsaya a wani. Kuskurensa yana iya kusantar faɗin rami. Don haka manhaja takan wuce wurin kaɗan ta dawo ta alkibla ɗaya kullum, sannan ta ɗauki hoton nema, ta gwada shi da taswirar ragar da aka ɗauka aka ajiye tun farko ko da hoton rami na misali, ta ƙarasa gyaran da turin lantarki. Bayan motsi kuma a ba shi lokaci ya nutsu, in ba haka ba samfur yana ta sulalewa ana ɗauka.

Sai fokas. Manhaja ba ta duban hoto ta ce wannan ya yi kyau. Tana karkata hasken ilektoron ne zuwa gefe ɗaya, ta ɗauka, ta karkata zuwa ɗayan, ta ɗauka. In samfur yana kan fokas, hotunan biyu kusan za su hau kan juna. In ba ya kai, za su rabu, kuma rabuwar tana daidai da kaucewar fokas sau kusurwar karkatarwa. Misali, kaucewar maikromita 1 da bambancin kusurwa na miliradiyan 10 (ɗan sama da rabin digiri) suna ba da gushin nanomita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na maikromita. Ana yin wannan a kan kabon, tsakanin ramuka, don kada a ƙona wurin ɗaukar hoto, kuma don kabon yana da ƙwayoyin da lissafi zai kama. Ku duba da idonku cewa da'irar hasken fokas ba ta taɓa ramin da za a ɗauka ba. In kuma kuna ɗaukar jerin hotuna da karkatarwa, dole wurin fokas ya kasance a kan layin karkatarwa, in ba haka ba tsayinsa da na wurin hoto za su rabu da zarar an karkata.

Kuma ba fokas tsantsa muke so ba. Furotin a cikin ƙanƙara kusan ba ya ganuwa a kan fokas, saboda haka ana komawa ƙasa da shi da gangan, galibi tsakanin maikromita 0.5 zuwa 2.5, ana sauya adadin daga rami zuwa rami don abin da wani hoto ya rasa wani ya cike. Hanyar tabbatarwa ita ce zoben Thon, wato zobba masu haske da duhu da ke fitowa idan aka bi hoton da lissafi, waɗanda tazararsu ke nuna kaucewar fokas: manhaja irin CTFFIND ta karanta su ta gaya muku ainihin kaucewar. In kun nemi 1.5 tana ta ba ku 2.2, awon fokas ɗinku ne ya karkace, ku gyara shi kafin ku ci gaba.

Malama a can baya ta ɗaga hannu. Tana tambaya ko za a iya ɗaukar ramuka da yawa daga tsayuwa ɗaya ba tare da motsa dandamali ba. Ana yi, Malama, kuma shi ne ya ninka saurin aiki a 'yan shekarun nan. Ana tsayawa a rami na tsakiya, a tura haske da hoto zuwa ramukan kewaye da lantarki. Sai dai turin yana karkata hasken kaɗan daga tsakiyar lensi, wannan kuma yana haifar da lahanin da ake kira koma (coma), inda kowane ɗigo ke yin jela, ƙananan bayanai su lalace ba tare da an gani a ido ba. Akwai awo na musamman da ke koya wa manhaja yawan karkatarwar da za ta mayar a kan kowane maikromita na turi. Ki yi shi a matakin zuƙowa da girman hasken da za ki ɗauki hoto da su, bayan kin gyara lahanin koma a tsakiya. Sannan ki ajiye bayanin turin kowane hoto, domin a lokacin sarrafa bayanai za a raba hotunan rukuni-rukuni bisa shi a gyara abin da ya saura.