Kuɗin tsaron intanet da Amurka ke ba ƙawayenta: me yake saya, me yake bari?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, ina yi muku barka da yamma. Abubuwa huɗu na shirya, za mu ga iya inda lokaci zai kai mu. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Na farko, daga ina kuɗin yake fitowa? A watan Agusta na 2022 Amurka ta yi dokar nan ta CHIPS, wadda akasarinta kan ƙera ƙananan ƙwaƙwalen na'ura ne a cikin gida. A cikinta aka ware wa Ma'aikatar Harkokin Waje dala miliyan 500, wato miliyan 100 duk shekara har shekara biyar, don a taimaki ƙasashe abokai su samu hanyoyin sadarwa masu aminci, a kuma faɗaɗa wuraren da ake haɗa ƙwaƙwalen. A Disamba na wannan shekarar, wajen taron shugabannin Afirka a Washinton, aka sanar da wani shirin na sama da dala miliyan 350 don fasahar zamani a Afirka. Ba Amurka kaɗai ba ce. Ostareliya ce ta biya mafi yawan kuɗin wayar ƙarƙashin teku da ta haɗa Sidni da Papuwa Niyu Gini da Tsibiran Solomon, aka gama a 2019, bayan da da farko aka shirya ba kamfanin Huawei na ƙasar Sin aikin ɓangaren Solomon.

Kuɗin yana da yawa a kunne. Amma ku riƙe wannan lissafin: cikin Amurka kanta, da aka ce ƙananan kamfanonin waya su cire kayan Huawei da ZTE, wani kamfanin Sin, su sa wasu, da farko majalisa ta ware dala biliyan 1.9, buƙatar da aka amince da ita kuwa ta tasam ma biliyan 5. Ƙananan kamfanoni ne fa, na karkara, a ƙasa ɗaya. Saboda haka miliyan 100 a shekara ba zai sauya turakun sadarwar kowace ƙasa ba. Wani abu dabam yake saya.

To me yake saya? Mu tafi Kosta Rika, don a nan ne abin ya fito fili, kuma ina so mu daɗe a nan.

Ƙasa ce mai mutane wajen miliyan biyar a Amurka ta Tsakiya. A Afrilu na 2022 gungun masu kutse da ake kira Conti suka shiga kwamfutocin Ma'aikatar Kuɗi, suka kulle bayanai, suka nemi fansar dala miliyan 10, daga baya suka ce 20. Gwamnati ta ƙi biya. Manhajar karɓar haraji ta tsaya, ta kwastan ta tsaya, kwantenoni suka taru ana cike takardu da hannu. Ranar 8 ga Mayu sabon shugaba Rodrigo Chaves ya kama aiki, a ranar ya sa hannu kan dokar ta-ɓaci. A ƙarshen watan wani gungun, Hive, ya faɗa wa hukumar da ke riƙe da asibitocin gwamnati. Likita ya zauna gaban kwamfuta a kashe, mara lafiya na gabansa, ba tarihin jinya, ba sakamakon gwaji, sai biro da takarda.

A Maris na 2023 Amurka ta sanar da ba ta dala miliyan 25. Babban abin da aka nufa da shi shi ne cibiyar sa ido guda ɗaya ga ma'aikatun gwamnati, da kayan aiki, da lasisin manhajoji, da horo. Bari in faɗa muku me ake yi a irin wannan cibiya, don mutane na zaton ɗaki ne mai manyan allunan talabijin. Ana sa wata 'yar manhaja a kowace kwamfuta da kowace uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, tana turo rahoton abin da ke gudana: wa ya shiga, ƙarfe nawa, daga ina, me ya buɗe. Idan asusun wani akawu da ke tashi aiki ƙarfe huɗu ya shiga ƙarfe uku na dare ya fara kwafar fayil dubbai, ƙararrawa ta kaɗa. Mai gadin ya yanke wannan kwamfutar daga sauran nan take. Domin mai kutse ba ya kullewa ranar da ya shiga. Yakan shiga da kalmar sirri da aka sata, ko ta wasiƙar yaudara da wani ya latsa, ya yi kwanaki yana zagaye yana neman asusun babban mai kula, yana neman inda aka ajiye kwafin bayanai ya fara lalata shi. Waɗannan kwanakin su ne damar mai gadi.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa, kuma ku rubuta wannan. Mako yana da awa 168. Ma'aikaci ɗaya yana yin 40. Kenan kujera ɗaya da ake so a zauna dare da rana tana buƙatar mutum huɗu da 'yan kai, idan ka sa hutu da rashin lafiya, biyar. Kujera ɗaya, mutum biyar. Tallafi yakan biya horo, da wuya ya biya albashi. Ka horar da yarinya mai basira shekara biyu, banki ya ninka mata albashi, ta tafi, kuma ba laifinta ba ne. Lasisin kuwa na shekara-shekara ne, da dala ake sabuntawa. Ranar da tallafi ya ƙare, in ba a riga an sa shi cikin kasafin ma'aikata ba, manhajar ta daina samun sabuntawa, ƙararrawa na kaɗawa ba mai dubawa. Kamar a ba ka injin ban-ruwa ne kyauta, man fetur da bakanike na wuyanka. Na ce ku rubuta: lasisi, albashi, kasafi. Lasisi, albashi, kasafi.

Abin da ya fi ba ni takaici, matakan da suka fi hana ɓarna masu arha ne. Shiga da tabbaci biyu, kalmar sirri da lambar da ke zuwa a waya. Toshe ramukan manhaja da zarar kamfani ya fitar da gyara. Kwafin bayanai uku, ɗaya a ajiye inda ba ya haɗe da intanet, kuma a riƙa gwada maido da shi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba sau da yawa ranar buƙata yake ƙin buɗewa.

Na uku, ko na biyu muke? To, Albaniya a gurguje: an kai wa gwamnatinta hari a Yuli na 2022, ta ɗora wa Iran alhaki, ta yanke hulɗa da ita a Satumba, Amurka kuma ta ba Albaniyar dala miliyan 25. Na ga hannu a can. Bismillah, ɗan'uwa.

(Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, ba don a kori kamfanonin Sin ake ba da kuɗin nan ba? Kuma su Amurkan ba sa leƙen asiri?)

Ka yi tambaya mai kyau, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. E, akwai wannan. A Agusta na 2023 Kosta Rika ta yi doka cewa kayan 5G sai daga ƙasar da ta shiga Yarjejeniyar Budafes kan laifukan intanet. Sin ba ta ciki, don haka Huawei ya fita, Sin kuma ta yi ƙorafi. Batun leƙen asiri, takardun da Edward Snowden, tsohon ɗan kwangilar leƙen asirin Amurka, ya fitar a 2013 sun nuna girman abin da hukumar tsaron Amurka ke tattarawa. A 2018 kuma jaridar Le Monde ta Faransa ta ruwaito cewa ana kwasar bayanai daga hedikwatar Tarayyar Afirka da Sin ta gina a Adis Ababa, Sin ta musanta.

Ya shafe mu, tunda kayan Huawei da ZTE sun cika turakun sabis ɗinmu a Najeriya. Idan watarana kana cikin waɗanda za su karɓi irin wannan tallafi, ko daga wa ya fito, ka duba yarjejeniyar ka nemi amsa a rubuce: rahotannin da manhajar ke tarawa, a wace ƙasa ake ajiye su? Mabuɗan ɓoye bayanai suna hannun wa? Injiniyan kamfanin zai iya shiga daga waje ba da izininmu ba, kuma in ya shiga ana rubutawa? In muka so canza kamfani, za mu iya fita da bayananmu? Sannan a shekara ta huɗu, wa zai biya lasisi? In ba a amsa maka waɗannan ba, kada ka sa hannu tukuna. Shugaban taro na nuna mini agogo. Na huɗun, batun wayoyin ƙarƙashin teku, sai zama na gaba in Allah ya kai mu.