Zare biyu, bariyabul ɗaya: ina sauran lissafin ya tafi?

To jama'a ku kalli allon nan. Bariyabul ɗaya ce, wato wurin da firogiram ke ajiye lamba, tana kan 0, na kunna zare biyu, wato firogiram ɗaya ne amma hannu biyu ke aiki lokaci guda, na ce kowanne ya ƙara mata 1 har sau miliyan. Miliyan 2 ya kamata mu gani ko? Na danna, bai kai ba. Na sake dannawa, wata lambar daban ta fito.

Ƙara 1 ɗin nan layi ɗaya ne a kod, amma a wajen firosesa aiki uku ne: ya ɗauko daga memori, ya ƙara, ya mayar. Zaren farko ya ɗauko 41, kafin ya mayar da 42 na biyu shi ma ya ɗauko 41 ɗin, shi kenan duk su biyun suka rubuta 42, ƙari ɗaya ya bi ruwa. Abin haushin ma ba kullum yake faruwa ba, kana saka layin firintin, wato layin da zai nuna maka lambar a allo, don ka kama shi sai lokaci ya ɗan sauya, matsalar ta ɓuya kamar ba ita ba. Kuma ba wasa ba ne fa, irin wannan rige-rigen na cikin abin da ya sa na'urar gashin cutar kansa ta Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya hasken da ya wuce kima tsakanin 1985 da 1987, har aka rasa rayuka.

Sai ka ce a saka kwaɗo mana, mai shiga ya kulle, sauran su jira. Eh lissafi zai cika, amma yanzu zarurrukan naka layi suke bi. Tun 1967 masanin kwamfuta Gene Amdahl ya nuna cewa in kashi 10 cikin 100 na aiki dole sai ɗaya bayan ɗaya, ko firosesa nawa ka tara saurin ba zai wuce ninki 10 ba. In kuma kwaɗon biyu ne, wannan ya riƙe na farko yana jiran na biyu, wancan ya riƙe na biyu yana jiran na farko, sai a yi cirko-cirko, firogiram ya sandare.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ko ka raba musu bariyabul, in suna maƙwabtaka a memori ba ka tsira ba. Firosesa ba ya ɗaukar bayit ɗaiɗai, layi guda na memori, yawanci bayit 64, yake kwasowa cikin kash, wato ɗan ƙaramin ma'aji mai sauri da kowane firosesa ke da nasa, to duk wanda ya yi rubutu sai ya ɓata wa ɗan'uwansa kwafinsa, layin ya yi ta kai-komo. Amsa daidai, gudu kuwa babu.

Bari in gyara ku gani. Kowane zare ya ƙirga nasa a cikin fankshin ɗinsa, wato guntun kod ɗin da yake gudanarwa, ba mai taɓa na wani, in sun gama a haɗa sau ɗaya tak. Na danna... miliyan 2 cif.