Tsoffin wuƙaƙen aljihu na Sheffield, ku matso mu karanta gindinsu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya. Yau dai ba fita, ruwa ake ta tsugawa tun asuba a nan Sheffield, shi ne na ce bari in shimfiɗa ƙyalle a tebur in fito da 'yan wuƙaƙen nan da kuke yawan hangowa a bayana cikin akwatin gilas. Wuƙaƙen aljihu ne masu naɗewa, tsoffi tukuf, wasu sun haura shekara ɗari, kuma abin da nake so ku gani yau ba kaifinsu ba ne, rubutun da ke gindin ruwan wuƙar ne, dan nan ne duk labarin yake.

Bari in fara da 'yar ƙaramar nan. Ku ga ruwanta, siriri ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Wannan ba ta yanka nama ba ce, ba ta faɗa ba ce, ta fiƙe alƙalami ce. Lokacin da Turawa ke rubutu da gashin dinya, bakin gashin yana dakushewa bayan 'yan layuka, dole akawu ya tsaya ya fiƙe shi ya tsaga bakin, to duk mai rubutu yana da irin wannan a kusa da shi. Da masana'antun Birmingham suka fara buga bakin alƙalami na ƙarfe da yawa tun wajen shekarun 1820, gashin dinya ya fara ja baya, amma wuƙar ba ta tafi ba, ta koma fiƙe fensir da buɗe wasiƙa da yanke zare, ta zauna a aljihun mutane abinta.

Me ya sa Sheffield? Ruwa ne da dutse. Garin nan koguna biyar ne ke gangaro masa daga tsaunuka, Don da Sheaf da Porter da Rivelin da Loxley, su ne ke juya manyan duwatsun wasa wuƙa tun kafin a san injin tururi, ga kuma dutsen da ake sassaƙa mawasan da shi nan kusa. A 1624 majalisar Ingila ta kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin, Company of Cutlers in Hallamshire, har yau tana nan, kuma a da ɗaya daga cikin aikinta shi ne rajistar tambarin kowane maƙeri. Shi ya sa mu masu tara su muke da abin kamawa, yawancin wuƙaƙen gaske suna ɗauke da sa hannun gidan da ya yi su.

To ku matso, bari in kawo ta kusa da kyamara, ku yi haƙuri hasken ɗakin nan ba shi da ƙarfi. Kun ga 'yar tauraruwa da kuros a gefenta? Tambarin Joseph Rodgers & Sons ke nan, gidan da ke lamba 6 Norfolk Street, su ne suka fi kowa suna a zamaninsu, har suna rubuta cewa su ne maƙeran gidan sarauta. A saman nan akwai V, sai kambi, sai R. Wannan na Sarauniya Victoria ne, wato tsakanin 1837 da 1901 ke nan. Sai ku duba ƙasa, an buga ENGLAND. Nan ne daɗin abin yake, saboda a 1890 Amurka ta yi dokar harajin McKinley wadda ta tilasta duk kayan da za su shiga ƙasarta su nuna ƙasar da aka yi su, daga 1891 sai maƙeran Sheffield suka fara ƙara kalmar. Ka haɗa biyun, ga Victoria ga ENGLAND, wuƙar nan ta faɗo tsakanin 1891 da 1901, ba tare da wani ya ba ni takarda ba. Amma fa kar wani ya ji haka ya ce duk wadda ba ta da ENGLAND ta girmi 1891, a'a, waɗanda aka yi dan kasuwar cikin gida ba dole ne a sa musu ba, 'yan kasuwa suna son sayar wa mutane wannan labarin sosai dan su ɗaga kuɗi.

Wata alamar mai sauƙi, in ka ga an rubuta cewa ƙarfen ba ya tsatsa, to ba tsohuwar can can ba ce. A garin nan ne Harry Brearley ya gano irin wannan ƙarfen a 1913, dan haka duk mai ce maka ta zamanin Victoria ce alhali tana ɗauke da wannan rubutun, kai dai ka yi murmushi ka wuce.

Wannan kuma ta George Wostenholm ce, tambarinsa I*XL, shi kasuwarsa Amurka ce har ya sa wa masana'antarsa suna Washington Works. Ƙotarta ƙahon barewa ne, ku ga yadda hannu ya cinye gefen nan ya yi sumul, ɗaya gefen kuma har yanzu da gurzarsa. Ku saurara... kun ji? Wannan ƙas ɗin da ta yi da na rufe ta, sifirin ɗin bayanta ne ke nan da ransa. In ka buɗe wuƙa ka ji ta saki jiki, ruwan yana lilo hagu da dama, ko ba ta komawa gidanta da kanta, to ta gaji ko an taɓa kwance ta. Ni kafin ma in duba tambari sai na buɗe na rufe na ji muryarta tukuna.

Yanzu ga abin da ke ƙona min rai a harkar nan. Mutum zai samu wuƙar kakansa a durowa, ya ga ta yi duhu, sai ya ɗauko sanfefa ko ya kai ta injin gogewa dan ta yi ƙyalli kafin ya sayar. Wallahi ya gama da ita. Duhun nan da ke jikin tsohon ƙarfe ba datti ba ne, shi ne shaidar shekarunta, kuma yana kare ta daga jan tsatsa. Injin zai cinye rabin tambarin, ya kwantar da gefunan da mai wasawa ya fitar da hannunsa, a ƙarshe ka samu abu mai sheƙi wanda ba wanda zai iya cewa ga shekarar da aka yi shi. Ga misali nan, wannan haka na same ta a kasuwar gwanjon da ake yi a but ɗin motoci ranar Lahadi, ku duba, harafi uku kawai suka rage a gindin, sauran sun bi iska. Na saye ta ne kawai saboda ƙotar ƙahon ɓauna ce mai kyau. Gara min wuƙa baƙa ƙirin mai cikakken tambari da ruwan da ba a wasa shi har ya rame ba, sau dubu.

Wannan mai walƙiyar ta yanka 'ya'yan itace ce, ƙotar ɓawon kawa, ruwan kuma azurfa, saboda ruwan 'ya'yan itace yana ɓata tsohon ƙarfe ya bar ɗanɗano a baki. Ga mai farawa irin waɗannan nake ba shawara, dan azurfar Birtaniya ba ta ɓoye shekarunta. Ga zaki yana tafiya, shaidar azurfa ce mai kyau, ga kambi, wato ofishin tantance azurfa na Sheffield wanda aka buɗe a 1773, da kambi suke aiki har zuwa 1975 da suka koma fure, in ka ga anga, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, to Birmingham ce, sannan ga harafi ɗaya da ke nuna shekara, ka duba jadawali shi ke nan. Amurkawa ma suna da nasu, kamfanin Case na Bradford a Pennsylvania ya sa ɗigo goma a tambarinsa a 1970, duk shekara a cire ɗaya.

Ita kuma waccan da kuke gani ita kaɗai a can gefe, ba laifi ta yi ba, ƙotarta seluloid ce, robar farko farko da ake kwaikwayon hauren giwa da ƙoƙon kunkuru da ita. In ta fara lalacewa tana fitar da wani tururi mai cin ƙarfe, ta tsatsar da ruwanta ta kuma kama duk wadda ke kusa da ita a rufaffen akwati. Dan haka a ware ta, inda iska ke shiga, nesa da zafi.

Sai maganar doka, musamman ku 'yan uwa da ke nan Ingila. Dokar 1988 ta ce wadda za ka iya yawo da ita a aljihu ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kuma ba ta kullewa in an buɗe. Opinel ɗin Faransa mai zoben nan da ake murɗawa ya kulle ta, ko da ƙarama ce, ta fita daga wannan sassaucin. Hukuncin yana iya kaiwa shekara 4 a gidan yari, ba wasa ba ne. Hauren giwa kuma, tun Yunin 2022 an hana saye da sayar da shi sai 'yan abubuwa ƙalilan, kamar wanda aka yi kafin 1947 kuma hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba, shi ma sai an yi masa rajista. Ni dai in na ga mai haure a tebur ɗin wani, kallo nake in wuce.

In kun shigo garin nan, akwai Norfolk Knife ta Rodgers a Cutlers' Hall, zauren ƙungiyar maƙeran nan, wuƙa ce mai ruwa 75, wadda aka kai babban baje kolin Landan na 1851. Abin kallo ce kam, amma ni waɗannan 'yan na aljihun sun fi taɓa ni, dan masu wasa su a sunkuye suke yini kan dutse suna shaƙar ƙurarsa, da yawansu ciwon huhu ya kashe su da ƙuruciya, kuma sunan da ke gindin wuƙar na mai gida ne, nasu babu. Yawancin aikin ma ƙananan maƙera ne masu zaman kansu suke yi a 'yan ɗakuna, wani ya ƙera ruwan, wani ya wasa, wani ya haɗa. Ɗaya daga cikin na ƙarshensu, Stan Shaw, yana aiki a gidan tarihin Kelham Island har ya haura shekara casa'in, ya rasu a 2021.

Gyaran da nake musu bai wuce wannan ba, ku gani, ɗigo ɗaya na farin mai a mahaɗa, in buɗe in rufe ya shiga, tsinken sakace in fitar da dattin cikin gidan, sai tsumma mai laushi in goge zanen yatsuna dan gumin hannu ma yana sa tsatsa. In ruwan nan ya ɗauke ƙarshen mako, zan kai ku Shepherd Wheel, tsohon gidan wasa wuƙa mai aiki da ruwan kogi, a bakin kogin Porter ku ga dutsen da ake wasa su da idonku. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.